Sun Zo Neman Hoton Yaya Sada

Shekara tara ke nan da Allah ya yi wa yayana Malam Sada rasuwa, sai ga shi a makon jiya waɗanda nake zargin sun raba shi da kujerarsa sun yi sallama a gidanmu da ke Dutsin-Ma.

Yaya Sada shi ne shugaban malaman dabbobi a ma'aikatarsu. Yana da wata ɗabi'a da ta ja masa baƙin jini. Duk wanda aka tura bita, in ya dawo, sai ya goya shi a babur zuwa rugagen Shema, ya tara sauran ma'aikata, ya ce, "To Malam, koya mana abin da ka koyo." Wasu sun goge ta haka, har makiyaya suka riƙa neman su da suna. Wasu kuwa ko allura ba su iya riƙewa, don otal kawai suka je suka kwana. Bai taɓa zagin kowa ba, sai dai ya kama hannun mutum ya nuna masa jijiyar dabbar.

Da ya yi wa ɗan wani babba haka a gaban makiyaya, wata bai cika ba aka mayar da shi wani ɗan ofis a Rawayau, aka ce ƙarin girma ne. Mataimakinsa, Alhaji Lawal, ya haye kujerar. Ban san wanda ya kai ƙarar ba, amma biri ya yi kama da mutum. Yaya ya ci gaba da aikinsa har ciwon ajali ya same shi a can.

Alhaji Lawal ɗin ne ya jagoranci baƙin. Da muka zauna a zaure ya ce, "Malam Bishir, mun gina ɗakin bita, za mu sa masa sunan marigayi. Hotonsa muke so."

Ruwa dai ba ya tsami banza. Na ji raɗe-raɗin manyan baƙi za su zo duba yadda ake horar da ma'aikata, kuma a rugage sunan Sada kaɗai ake yaba wa. Da yana raye, na san abin da zai tambaya: wa ya koyi me a ɗakin nan, kuma saniyar wa ta warke?

Gadonsa yana hannun irin su Malama Binta, ɗaya daga cikin waɗanda ya horar, wadda har gobe take jan sababbin ma'aikata zuwa ruga a Kurfi, ba tare da kowa ya sa ta ba. Allah ya kai masa ladan.

Na ce wa Alhaji Lawal zan duba ko akwai hoton. Ya ɗaga kai ya kalli hoton Yaya da ke rataye a bango, saitin kaina, ya ce, "To, Allah ya sa a samu."