Layin da Na Ja da Jan Farce

Mahaifina direba ne. Ya daɗe yana tuƙa wani oga a ma'aikatar gwamnati, da ogan ya yi ritaya sai ya bar masa tsohuwar jif ɗinsa mai silinda takwas. Bayan rasuwar Baba ita ce ta faɗo a rabona. Har yau ban iya tuƙi ba, amma na san muryarta. Tun ina ƙarama Baba kan tayar da ita da safe a gidanmu na Kurudu, ya ce in yi shiru in saurara. Gurnani take yi a hankali, kamar babban mutum yana gyaran murya.

Mijina ne ya ci gaba da hawanta. Mutumin kirki ne, sai dai abokansa masu wasan mota ran Lahadi sun sa shi gaba da tsiya, wai kakarsa yake ja. Wata rana ya shigo da wani ƙarfe a kwali, mai kama da dodon koɗi. Ya ce sunansa tobo, aikinsa ɗura wa inji iska da ƙarfi don mota ta ƙara gudu.

Na ce in dai sai an sa, to a kai wa bakaniken Baba, wani dattijon Gbagyi mai gareji a Masaka. Na bi shi da 'yata a goye.

Dattijon ya juya ƙarfen a hannu.

"Oga, zan ɗaura maka," in ji shi. "Amma kayan cikin injin nan duk na kamfani ne, ba a yi su don wannan ba. Kaɗan zai ɗauka. Man da muke sha ma ba shi da ƙarfin haka."

Ya kafa wani ƙaramin agogo kusa da sitiyari, mai nuna ƙarfin iskar. Ya ce kada allurar ta wuce shida.

"Haba Baba, ta abokina har sha biyu take kaiwa," in ji mijina.

"Shi ya canza kayan ciki. Kai me ka canza, hula?"

Ya nemi fenti a yi alama, ba a samu ba. Sai na tuna akwai jan farce a jakata. Ni da hannuna na ja layi a kan gilashin, daidai shida. Dattijon ya dube ni ya ce, "'Yata, motar babanki ce. In kin ji ta canza murya, ki yi magana."

Da farko lafiya lau. Ba zan ɓoye ba, ni ma na ji daɗi ranar da muka wuce wata sabuwar mota a hanyar Keffi, har na yi dariya. Ina jin dariyar nan ce ta ba shi ƙwarin gwiwa, domin akwai wata 'yar ƙusa a ƙarƙashin bonet da ake murɗawa a ƙara iskar, kuma ya san inda take.

Wata safiya na shiga motar ɗauko takalmin yarinya, sai na ga layin ya koma kan tara. Launinsa ma ya canza. Nawa ja ne jawur, wannan kuwa ruwan hoda ne, daga ɗaya kwalbar da ke kan madubina. Ya kankare nawa ya ja nasa, don in na leƙa in ga allura ba ta wuce layi ba. Bai zaci ina duba lamba ba.

A makon ne na fara jin ƙarar. Duk lokacin da ya taka totur a hawa, sai in ji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani.

"Maigida, ba ka jin wani abu?"

"Madam, ke ko tukunya ce ta tafasa sai kin ce gobara."

Gaskiya ne, ni mai tsoro ce. Atishawa yarinya ta yi sai na taɓa goshinta sau goma. Na gaji da a riƙa ce mini mai tsoro, sai na yi shiru. Ban ce masa na ga layin ba. Lambar dattijon tana cikin wayata, ban kira ba.

Ranar da abin ya faru da rana tsaka ne, za mu suna. Ya fita zai wuce tirela, na ga allurar ta haye, tsakuwar ta yi yawa, sai ƙara guda kamar an sa guduma. Hayaƙi ya turnuƙe. Allah Ya taimake mu ya gangara gefe, na fito da yarinya ba ko takalmi. Baƙin mai na ta kwarara a kan kwalta.

A gareji dattijon ya nuna mana ramin da wani ƙarfen ciki ya fasa ya fito ta gefen inji, hannuna zai iya shiga. Bai yi wa mijina faɗa ba. Ya leƙa agogon, ya sa farce ya ɗan kankari ruwan hodar, sannan ya juyo gare ni.

"'Yata, ba ki ji ba?"

"Na ji, Baba."

Ya gyaɗa kai kawai.

Daga baya an sa wa motar wani injin, ɗan Kwatano, babu tobo. Mijina ya ba ni haƙuri, na kuma haƙura. Tana tafiya sumul. Amma in ya tayar da ita da safe, nakan tsaya da yarinya a bakin ƙofa in ce ta yi shiru ta saurara, sai in tuna ba abin da zan nuna mata. Wannan muryar ban san ta ba.