Mashigar Baba Mai Tuta

Ranar da wandon Baba Mai Tuta ya guje shi ina wurin, don haka kada wani ya ce ƙari na yi.

Na hau kai masa kayan guga ne, ina biye da likitar da ke zuwa duba masa ƙafa. Ɗakin a buɗe yake. Tsohon na zaune a kujerarsa gab da ƙofa, ya ƙura wa talabijin ido, layin dogo na ta shigewa ƙarƙashin gilashi. Likita ta yi sallama, ta ɗaga ƙafa za ta shiga, sai jirgin cikin talabijin ya danna hon. Baba ya manta ɓarin jikinsa na hagu ya daɗe da yin ritaya. Ya zabura, ya gicciya sandarsa a bakin ƙofa, ya daka tsawa: "Tsaya! Jirgi!"

Ƙafar ta ce ba da ita ba. Ya tafi luu ya zube, mazagi ya maƙale a hannun kujera, wando ya tsaya a tasha, mai shi ya wuce.

Yana kwance a haka, duwawu a waje, bai saki sandar ba. "Kada wanda ya ƙetare," in ji shi, "sai ya wuce." Likita ta ɗaga kai tana nazarin silin kamar can aka aiko ta. Ni kuwa na warware zanin gadon da na sha wahalar gogewa na lulluɓe shi, dariya na cin cikina. Haka muka tsaya, mu biyu manya da hankalinmu, har ƙarar hon ta yi nisa, sannan ya janye sanda ya ce mu shigo.

Wanda bai san shi ba zai ce taɓin hankali ne. Aiki ne ya bi jiki. Baba mai gadin mashigar jirgi ne, inda titin mota ya ratsa layin dogo a bayan gari. Tun gashinsa na baƙi har ya yi fari yana cikin wata 'yar rumfar bulo wadda in ka miƙe hannuwa za ka taɓa bango biyu. In jirgi ya taso sai ya sauke ƙarfe ya tare motoci, ya fito da tuta, ya ƙame, ya sara wa direba. In ya wuce ya ɗaga ƙarfe, masu mota su zage shi su wuce. Ba ya iya matsawa ko nan da can, don jirgi ba ya faɗin sa'ar da ya ga damar zuwa. Abin dariyar, duk jiragen nan da suka wuce ta gaban hancinsa, bai taɓa sa ƙafa cikin ko ɗaya ba. Kullum sai ya ce in ya samu hutu. In hutun ya zo, mai canjinsa ba ya zuwa.

Da ya ajiye aiki ya ce yanzu ne zai hau, har ƙarshen layi. Kafin ya gama shiri jini ya hau shi. Daga asibiti aka zarce da shi wurin 'yarsa Auta, can hawa na ƙarshe a benen da nake guga a ƙasansa. Mu muka hau da shi a kan katifa. Matattakalar tana da wata kwana mai matsi, sai da muka karkata shi kamar firiji. Tun ranar bai sauko ba.

Ɗakin gado ne, kujera, bokiti da talabijin. Tagar tana kallon bangon benen maƙwabta, kusa ƙwarai, har ka iya ƙirga tsagar siminti. Rana tana leƙowa kaɗan da hantsi ta ga ba wurin zama ta koma. Auta tana aiki a kantin magani, ta fita da safe sai yamma. In iska ta juyo daidai, ana jin kukan jirgin gaske daga nesa. A lokacin ko magana kake masa ba ya ji.

Ni na jawo masa faifan, ba da niyya ba. Akwai wani mai sayar da finafinai a ƙarƙashin gada, na ga wani faifai a gefe ƙura ta rufe shi. Na ce wane fim ne? Ya ce ba fim ba ne, wani ne ya kafa kyamara a gaban jirgi, inda direba ke zama, daga tasha zuwa tasha. Ba jarumi, ba faɗa, ba waƙa. Na ce wannan ai maganin barci ne, na san wanda zan tsokana da shi.

Na sa masa, na zauna ina jiran ya zage ni. Bai zage ni ba. Bakinsa ya ɗan buɗe. Can ya ce a hankali, "Ashe haka yake ta gaba."

Shi ke nan na zama ɗan aike. Bututun ruwa ya bi ta bangonsa ya sauko ta bayan teburina, in na ji ƙwanƙwasar sanda a jiki na san faifai ya ƙare. Baba ya ratsa ƙasashen da ko sunansu ba mu iya faɗa. Ya shiga ramin dutse ya fito, ya bi bakin teku, ya keta dusar ƙanƙara yana zufa a ɗakin da fanka ta mutu. In na shigo sai in ce, "Direba, yau ina muka nufa?" Ya ce, "Inda ba a ɗaukar masu guga."

Amma ba yawon ne ya dame shi ba. Duk faifan da na kawo sai ya juya kwalin ya tambaya, "Namu fa?" Layinmu yake so. Yana so ya zauna inda direba ke zama, ya sha kwanar nan, ya ga 'yar rumfarsa yadda direbobi suke ganinta. "Na sara musu har kafaɗata ta goce," in ji shi. "Ina so in san me suke gani." Mai faifai kuwa dariya ya yi mini. Ya ce layinmu ba dutse ba teku, wa zai ɓata batirinsa?

Ga kuma ido. Yanar ido ta fara rufe masa na dama, na hagu na bin sahu. Kujerar tana ta matsowa kusa da talabijin, wata bayan wata, har sawun ƙafafunta ya yi layi biyu a kan leda. Na ce, "Baba, ka shimfiɗa naka dogon a ɗaki." Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ka dai matsa wa mutumin nan kafin fitila ta mutu."

Ana cikin haka wando ya yi abin da ya yi. Da Auta ta dawo likita ta riga ta kira ta. Ina ƙasa ina jin su ta bututu.

"Baba, da kanka ya bugu fa? Wa zai sauko da kai? Ta wace matattakalar?"

"Mutum na shirin ƙetarewa, jirgi na tafe."

"Wane jirgi? A ɗakin nan? Baba, don girman Allah!"

Ta zare wayar talabijin ta sa a jakarta, da ita take zuwa aiki. Ni ma ta tare ni a ƙofa ta ce, "Kawu, in ka sake hawo masa da faifai, kayanmu sun bar teburinka." Kawun nan da ta faɗa ko gishiri babu a ciki.

Kwanakin da suka biyo ba su da daɗin faɗa. In na hau sai in same shi a kujerar dai, gaban baƙin gilashi, yana kallon inuwar kansa. Na gwada tsokana, na ce jirgi ya yi faci ne? Ya ce in ajiye kayan a kan gado. Bututu ya yi shiru. Ni da nake ƙorafin ƙwanƙwasa sai na koma kasa kunne.

Sai ga mai faifai da kansa ya aiko a kira ni. An gyara layinmu an sa sabon jirgi mai gudu, wani ma'aikaci ya jingina wayarsa a gilashin gaba tun daga babbar tasha. Hoton na rawa, amma namu ne. Na kai wa Auta a kantinsu, na ajiye a gabanta. Ta daɗe tana kallon kwalin. A gidan da ke bayan rumfar nan aka haife ta. Ta ce, "Sau ɗaya. Ina wurin. Kuma a zaune."

Ranar hutunta da la'asar muka taru. Baba ya sa na goge masa tsohuwar rigar aikinsa mai maɓallan ƙarfe. Na kawo masa bel kyauta, na ce saboda tsaro. Ya karɓa ya ɗaura, ya ce Allah ya isa.

Jirgi ya tashi. Hancin Baba kamar zai taɓa gilashi. Ba ya gani sosai, amma yana gaba da hoton: yanzu gadar ƙarfe, yanzu tankin ruwa, yanzu bayan masaƙa. Auta na tsaye ta dafa kafaɗarsa.

"Bayan kwanar nan," ya ce.

Jirgi ya sha kwana. Wani farin abu ya gilma ta hagu, fit, da 'yan motoci, sai fili da bishiyoyi.

"Ina take?"

Auta ce ta ce, "Ta wuce, Baba."

Ya ci gaba da leƙe kamar za ta dawo. Na ɗauki rimot na ce abu mai sauƙi, bari in mayar baya in tsayar daidai wurin, ya kalla har ya gaji. Kafin in danna, hannunsa mai lafiya ya damƙe wuyan hannuna. Ban san da sauran ƙarfi haka a jikinsa ba.

"A ina za ka tsayar?"

"A mashigar taka mana."

"Ka tsayar da jirgi a kan mashiga? Ka kuma tuƙa shi da baya, motoci na jira?"

"Baba, hoto ne fa," in ji Auta, kamar za ta yi kuka. "Shi kake nema tun bara. Ka bari ya tsayar, ka gani."

"Tun da nake, jirgi bai taɓa tsayawa a wurin nan ba. In ya tsaya, to an ɗauki gawa." Bai sake ni ba. "Kai da idonka ke aiki, ƙarfen a sauke yake?"

"A sauke."

"Duka ɓangare biyun?"

"Duka."

"Akwai wani abu a kan layi?"

"Babu."

Ya sake ni, ya jingina. Jirgi ya ci gaba cikin ƙasar da ke bayan mashigarsa, wadda bai taɓa gani ba, yanzu ma sai dishi-dishi. Auta ta juya tana gyara labulen tagar da ba abin da take nunawa.

Na ce, "To madalla. Na gama takalmina a matattakala, na sha zagi wurin Auta, an zo wurin kuma ko ƙofar rumfar ba ka gani ba. Me ka gani, Baba, fisabilillahi?"

Bai ko juyo ba.

"Na ga abin da direba ke so ya gani," in ji shi. "Hanya a buɗe, ba jaki a kan layi. Jakin yana nan gefena riƙe da rimot."