Labbo Mai Jan Zare ya Aje Basilla

Duk ranar kasuwa, kafin rana ta yi zafi, Malam Labbo ya riga ya shimfiɗa tsohon buhu a gindin darbejiyar da ke bakin layin 'yan shinkafa a Gummi. Kayan aikinsa ba su cika aljihu ba: basilla biyu, 'yar wuƙa, da dunƙulen jan zare. Sana'arsa ɗinke bakin buhu. Shekara talatin da ɗaya yana yin ta, sai a watan jiya ya aje domin idonsa ya fara gajiya. Ba a kafa rumfa ba, ba a buga kalanda da hotonsa ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ga wanda bai san kasuwarmu ba, mu mutane ne masu basira. Mun san yadda ake zuba shinkafa mai kyau a gindin buhu da bakinsa, a kwantar da buntu da yashi a tsakiya. Mai saye ma ba waliyyi ba ne. Yakan zo da tiyarsa da aka bubbuga har ta yi tumbi, ya ɗanɗani gyaɗa a rumfa huɗu, ya tafi yana cewa ta yi tsada. Da an kira salla kuwa, a sahu ɗaya za ka gan mu, kafaɗa da kafaɗa.

A cikin wannan jama'a Allah ya jefo Labbo da wata baƙar ɗabi'a. Ba ya ɗinke buhu sai ya naɗe hannun riga ya zura hannu har hammata. In ya damƙo shinkafa, ya ɗinke da jan zarensa. In ya damƙo wani abu, ya buɗe tafin hannu a gaban mai kaya, ya ce, "Alhaji, kai shi gaba. Akwai maɗinka da yawa." Ba wa'azi, ba faɗa. Waɗanda suka zauna kusa da shi sun ce akwai shekarun da yakan wuni yana korar ƙuda, sauran maɗinka ko ruwa ba su samun sukunin sha.

A hankali masu saye suka gane. Daga Bukkuyum, daga Zugu, har Anka, aka fara aiko direbobi da saƙo guda: a kawo buhu mai jan zare. To, tunda mu masu basira ne, ba a daɗe ba jan zare ya fara ƙarewa a shaguna.

A kakar 2015 abin ya fashe. Madam Dinah, wadda aka fi sani da Maman Ezra, tana da gidan abinci a Anka, kuma shekara da shekaru ba ta sayen buhun da ba Labbo ya ɗinka ba. Rannan aka sauke mata guda, nauyinsa bai yi mata ba, ta sa wuƙa ta farke shi ta ciki. Yashi ya zubo mata a ƙafa. Ba ta aiko kowa ba. Ta ɗaure buhun, ta biyo shi cikin mota har Gummi, ta sa aka dire shi gaban Labbo, kasuwa na tsakiyar ci.

"Baba Labbo, ni za ka yi wa haka?" in ji ta. "Gini ka ji ina yi a Anka?"

Aka kira Surajo, dillalin da ya sayar mata. Ya zo yana gyara hula. "Ni mi nas sani? Ga jan zare nan, kowa ya san mai shi. Tsufa na, hannu ya fara mantuwa."

Shugaban 'yan shinkafa ya ce in ta tabbata, Labbo ya tashi daga gindin darbejiya ke nan. Wurin zama ƙaramin abu ne. Abin da ke ƙasa tare da yashin nan sunansa ne, kuma ba shi da wani jari bayan shi.

Mutane sun zaci zai nemi a kawo Alƙur'ani. Bai nema ba. Ya duƙa ya shafa ɗinkin, ya ce, "Maman Ezra, zauna ki sha ruwa. Ku kawo man buhu huɗu, ku kira maɗinka ukku."

Aka kawo. Kowa ya ɗinke nasa da jan zaren Labbo, shi ma ya ɗinke na huɗu. Aka jera su kusa da buhun Anka. Na mutum ukun nan, zaren ya kwanta gefe guda, daidai da na buhun yashi. Na Labbo shi kaɗai ya kwanta ɗaya gefen.

"Bahago nike," in ji shi. "Inna ta buge ni har nik koyi cin tuwo da dama. Basilla dai ta ƙiya."

Shekaru masu yawa muna wucewa ta gabansa, babu wanda ya taɓa lura da hannun da yake riƙe basilla. Mai kwaikwayon ya haddace launin zare, ya manta ya dubi mutumin. Kasuwa ta ɗauki sowa. Maman Ezra ta durƙusa tana cewa, "Baba, ka yafe mini." Ya ce, "Tashi, ɗiyata. Ai ke aka cuta." Da aka waiga neman Surajo, sai aka ji wani uzuri na gaggawa ya taso masa a garin da har yau bai faɗi sunansa ba.

Malam Labbo, kai ne ka nuna mana cewa ana iya zama a tsakiyar kasuwa ba a cuci kowa ba, kuma a ci abinci, ko da ba a ƙoshi kullum ba. Kai ne bahagon da ya gyara wa na dama aiki. Akwai yara a Anka da suka girma haƙoransu ba su san tsakuwa ba, ba su san sunanka ba, kai ma ba ka san nasu ba. A madadinsu nake cewa mun gode. Allah ya ƙara maka lafiya, ya haskaka idon nan da ya gaji a kan aikin halal.

Sauranmu kuwa, masu awo da dillalai da mu masu zuwa da tiya mai tumbi, kada wani ya ce, "Ai ni ba bahago ba ne." Ba a hannu abin yake ba. Ku je unguwar su Labbo ku gan shi zaune a ƙofar gida, duk wanda ya wuce sai ya rage tsawo ya gaishe shi. Ya shiga kasuwa da sunansa, ya fito da shi. Na bincika, ba sirki.