Matar da Take Kiran Sunan Ɗana

Ni ne da laifi, kuma tun ranar da na yi abin na san haka. Na kori matar da take kula da ɗana na fari ba tare da ta yi komai ba. Kishi ne kawai.

Lokacin muna haya a unguwar Kalakla, can bayan gari, ina ɗinki a wani shago cikin Khartum. Farkon mulkin soja ne, burodi sai an bi layi, sukari sai da katin rabo. Matata ta haihu. Mahaifiyarta ta rasu tun muna yankin Jazira, tawa kuma ciwon ƙafa ya hana ta tafiya, don haka babu mai zama da mai jego. Wani abokin aikina ya haɗa ni da wata "daya", wato ungozoma mai horon asibiti, dattijuwar Balarabiya daga Umdurman. Muka yi da ita za ta zauna da mu har arba'in.

Aikinta ba shi da aibu. Ita take dafa ruwan wanka, ta shafa wa jariri man riɗi, ta gyara masa kwanciya in zai sha nono. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Mu a gidanmu ana kunyar ɗan fari. Ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, ba ka kiran sunansa, sai ka ce "yaron nan". Haka mahaifina ya yi da yayana, haka na tashi na gani. Ita kuwa ba ta san wannan ba. Tun daga ranar suna take kiran sunan yaron da ƙarfi, ta sumbaci tafin ƙafarsa, ta yi masa waƙa da Larabci. Ni zan dawo daga shago, in zauna a tsakar gida da kofin shayi, ina jin wata tana yi wa ɗana duk abin da nake so in yi. In na leƙa ɗakin, sai in ce na zo ɗaukar almakashi.

Wata Juma'a baffannina suka zo barka. Muna zaune ana shan gahawa, sai ga ta da yaron, ta ɗora mini shi a cinya.

"Riƙe ɗanka, ya waladi," in ji ta, don haka take kirana da Larabci, wato "ɗana". "Ko aronsa ka yi?"

Babban baffana ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce, "To, 'yan birni! Saura ka goya shi zuwa kasuwa."

Ɗumin jikin yaron ya ratsa jallabiyata. Ban so in sake shi ba. Amma ya tsala kuka, ta miƙo hannu, yana isa kafaɗarta ya yi shiru. Wannan shirun ya fi dariyar baffana yi mini ciwo.

Bayan kwana biyu na tare ta a bakin ƙofa, na ce gwaggona tana hanya daga Jazira, za ta karɓi aikin. Babu wata gwaggo. Ta dube ni, ba ta yi musu ba. Ta haɗa akwatinta na ƙarfe, ta gaya wa matata yadda za ta gasa nonon hagu da ya fara tauri, ta sumbaci yaron, ta kira sunansa, ta tafi.

Gidan ya yi tsit. Nonon ya kumbura, zazzaɓi ya rufe matata, yaron yana kama nono yana saki yana kuka. Maƙwabciyarmu tana leƙowa, amma ita ma da nata 'ya'yan. Na tsaya da tukunyar ruwan zafi ban san inda zan sa hannu ba.

Matata ba ta yi mini faɗa ba. Tana kwance, fuskarta a bango, ta ce, "Malam, ina gwaggon?"

Kafin in buɗe baki ta ci gaba.

"Ka zaci kai kaɗai ne? Ni ma ba na iya kiransa. In ta kira shi, sai in lumshe ido in ji kamar daga bakina ya fito. Tun da ta tafi ba wanda ya faɗi sunan yaron nan a gidan nan."

Washegari ban buɗe shago ba. Na hau bas zuwa Khartum, na sake wata na haye gada zuwa Umdurman. Na same ta a inuwar gidanta tana tsince wake a faranti.

"Gwaggon ta iso lafiya?" ta tambaya, ba ta ɗago ba.

Na durƙusa. Na gaya mata al'adarmu, na gaya mata halin da na baro gida. Ta ajiye farantin, ta ce wa jikarta ta ɗauko akwatin.

"Wa ya ƙi shan nonon?" in ji ta. "Yara da yawa na riƙe. Wanne?"

Na faɗi sunansa. Karo na farko ke nan.

Na ce, "Hajiya, ƙarya na yi miki, babu gwaggo. Kishinki na yi don kina son ɗana a fili ni ina ɓoyewa. Ba ki yi mini komai ba. Don Allah ki yafe mini."