Gilashin Illo na Huɗu

Shekara ashirin da biyu Illo ya yi yana jan tsohuwar Fijo tsakanin Sabon Birni da Isa, kuma bai taɓa yarda wani ya sa mata gilashin gaba ba. Mutum ne gajere mai faɗin ƙirji, ga taurin kai kamar na jakin da ya ga ruwa. Motar duk ta tsufa, ƙofar baya da waya ake ɗaure ta, amma fuskarta kullum tas. Cewa yake motar da ba gilashi tsirara take, shi kuwa ba ya fita da iyalinsa tsirara.

Sau uku ya sake gilashin da hannunsa. Na farko ƙahon bijimi ne ya fasa shi a kasuwa, na biyu dutse, na uku, wato na bana, harsashi. Aikin irin na tsofaffin motoci ne. Za a sa roba ta zagaye bakin gilashin, a cusa siririyar igiya cikin ramin robar, a shafe ko'ina da ruwan sabulu. Mutum ɗaya ya tsaya a waje ya danne gilashin da tafin hannu, ɗaya ya zauna ciki yana jan igiyar a hankali, leɓen robar na hawa kan ƙarfen motar. In na waje ya ɗaga hannu kafin a gama, gilashin ya goce, sai a koma farko, ko ma ya tsage. Nan ne Illo ba ya wasa. Ko limami ne ya danne masa, sai ya sha tsawa.

A daminar bana 'yan bindiga suka buɗe masa wuta a wata kwana kafin Isa. Harsashi ya shigo ta gilashin ya sami Wada, mai sayar da gero da ke zaune a gaba, a maƙogwaro. Illo ya kwantar da kai bisa sitiyari ya taka mota, jinin Wada na zuba a cinyarsa, har ya kuɓuce musu. Wada bai kai asibiti ba.

Kwana uku bayan haka, da hantsi, Illo na cikin kangon bayan gidansa yana ƙanƙare ɓaraguzan gilashi daga ramin ƙarfe, sai ga Jibrilla. Bafillace ne na ƙauyen Kurawa, manomi mai 'yan shanu, abokin Illo tun suna samari. Shi ma 'yan bindigar sun kore masa shanu bara, shi ya sa ya dawo cikin gari da matarsa Habi. Amma wa zai tsaya jin wannan? Dangin Wada sun haɗa matasa da adduna, suna cewa wani ne ya tsegunta wa ɓarayi lokacin tashin motar, kuma sunan Jibrilla suke kira, don kawai shi ne Bafillacen da suka sani.

"Illo, hid da mu garin ga yanzu," in ji Jibrilla. "Habi ta ɗaure kaya. An ce suna nemana."

Illo ya dubi motar, ya dubi hadarin da ke haɗuwa a gabas. Ga sabon gilashi jingine da bango, na wata mota da ta mutu, ya riga ya sa masa roba da igiya.

"Haka za ni ɗaukar mace, ruwa na dukanta? Zo ka danne min. Kahin ka sha hura mun ƙare."

Da ya tayar da motar haka nan, ba abin da zai same su in ban da jiƙewa. Wannan kowa ya sani, har shi Illon.

Suka ɗora gilashin. Jibrilla ya hau bisa bonet ya durƙusa, ya shimfiɗa tafukansa biyu. Illo ya shiga ciki, ya naɗe bakin igiya a yatsa.

"Ka ji ni da kyau. Ko mi ya hwaru, kak ka ɗaga hannu sai na ce."

"Na ji."

Gefen ƙasa ya hau lafiya. Gefen dama ya hau. Illo ya sunkuya yana lallaɓa kusurwar sama, inda roba ta fi gardama, sai ƙarar babura ta tsaya a bakin lungu.

"Illo, akwai mutane," in ji Jibrilla.

"Saura kusurwa guda! Danne!"

Bayan kangon katanga ce gajeriya, bayanta gonar dawa da ta fi mutum tsayi. Jibrilla kuwa da kiwo ya taso, in ya shiga dawa sai dai a ji labari. Amma ya ce ya ji, kuma a gidansu ba a koya masa janye magana ba. Ya ƙara danna hannu.

Illo ya zare ƙarshen igiyar, robar ta zauna daram, ya ɗago kai zai ce shi ke nan. Ta cikin sabon gilashin ya ga gora ta sauka a ƙeyar abokinsa. Fuskar Jibrilla ta bugi gilashin, daidai gaban tasa. Wani ya jawo shi ta ƙafa zuwa ƙasa, adduna suka bi. Illo ya fito yana ihu, yana rantsuwa da Allah mutumin nan ba ruwansa, wani ya make shi da gindin bindiga a baki, haƙora biyu suka zube. Kafin ya miƙe, babura sun tashi.

Shi kaɗai ya ɗauki gawar ya sa a kujerar baya, ya kai ta gidan da Habi ke zaune bisa ƙullin kaya tana jira. Ba ta yi kuka nan take ba. Ta daɗe tana duban ƙafafun mijinta, sannan ta juyo.

"Malam Illo, an ce akwai gona bayan gidanku. Mi ya hana shi gudu?"

Illo ya tofar da jini. Ya so ya ce ƙaddara, kalmar ta ƙi fita.

"Ni nac ce ya tsaya," ya ce.