Takardar da Malam Tanko Bai Rubuta Ba

Ku da kuka san Malam Tanko Mai Rediyo kun san ba ya taɓa sukudireba sai ya taɓa alƙalami. Ka kai masa rediyo rumfarsa ta bakin kasuwar Kontagora, sai ya yagi kwalin batir ya rubuta abu uku da ajami: abin da za a gyara, kuɗinsa, da ranar biya. Sannan ya tsoma yatsanka a baƙin mai ka dangwala. Rabin kuɗi kuwa a hannu, ko kai ne limamin unguwa. Ni Sale, abokinsa tun makarantar allo, ni kaɗai na taɓa sa shi ya karya wannan ƙa'ida, kuma ita ce ta raba mu. Amma bari mu fara da na dariya.

In ya tambaye ka ranar biya ka ce masa in sha Allahu, sai ya ajiye alƙalami.

"In sha Allahu duk mun yarda da ita, Alhaji. Amma Laraba ko Alhamis?"

Wani manomi daga Zugurma ya taɓa zuwa karɓar rediyonsa. Aka kunna, sai ga Turanci. Mutumin ya tubure.

"Da Hausa na kawo shi! Ba zan cika maka ba."

Tanko ya zaro kwali ya karanta masa a tsanake. "Zai yi magana. Ga yatsanka nan. Ina muka rubuta yare? Hausa sisi ce a kai."

Ya karɓi sisinsa, ya ɗan murɗa maɓalli, tashar Kaduna ta fito tangaram da Hausa. Kai, Tanko!

Ko matarsa Hajara ba ta tsira ba. Da nata rediyon ya mutu, sai da ta dangwala. Washegari ya dawo gida ya tarar murhu sanyi ƙalau.

"Ina tuwo?"

"Malam, rabin kuɗi a hannu," in ji ta, tana miƙa masa kwali.

To, ga nawa. Kawuna na Nasko ya sayi tsohuwar lasifika yana ba da haya a gidajen biki, ta lalace. Na kai Tanko har can. Yana zaro alƙalami na ji kunya ta rufe ni a gaban dattijo.

"Haba Tanko! Kawuna ne fa. Ni ne takardar."

Ya maƙala alƙalamin a kunne. "To, takarda, Allah ya sa kar ruwa ya jiƙa ki."

Kwana huɗu ya yi yana aikin, kayan gyaran ma da kuɗinsa ya saya, fam uku cif. Kawu ya ce sai bayan bukukuwan kaka zai biya. Kafin nan ruwan sama ya daki lasifikar a wani biki ta sake mutuwa. Da na je karɓo kuɗin, kawu ya ce, "Gyara muka ce. Abin da ya gyaru ai ba ya sake mutuwa." Da me zan ƙaryata shi?

Tanko bai taɓa tambayata ba, ko sau ɗaya. Ni ne na kasa haɗa ido da shi. Na koma bi ta layin mahauta don kar in wuce rumfarsa, ina ce wa kaina sai na haɗa fam ukun nan. Shekara biyu fa, jama'a, a gari ɗaya! Shekarar da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira ya kwanta, kwana biyar, Allah ya karɓi abinsa.

Ranar sadakar uku na ƙulle naira shida, daidai da fam ukun nan, na kai wa Hajara. Ta turo mini su.

"Sale, ya yafe tun tuni. Cewa yake, kuɗin ba su dame shi ba. Da an rubuta, da kawunka zai bi, da kana nan kan bencinsa kana cika shi da surutu. Kansa yake zargi da ya biye maka."

Wallahi har yau ina nadama. Allah ya jiƙan Tanko, ya haskaka kabarinsa, ya yafe mini shekara biyun nan da na hana mu. Amin.