Hoton Sojan da Na Rage wa Girma

Edita, a lokacin ban daɗe da gama karatun kwamfuta ba, ina zaune a Zuru, ina ji da kaina ba kaɗan ba. Wata ƙungiyar iyalan sojoji ta roƙe ni in buɗe musu shafin intanet na tunawa da waɗanda suka rasu a bakin aiki. Jama'a suka yi ta ɗora hotuna daga wayoyinsu, amma hotunan sun yi nauyi, sabis ɗinmu kuwa kowa ya san halinsa, shafin ya ƙi buɗuwa. Sai na tsara wa sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, cewa duk hoton da ya shigo ta rage masa girma da kanta, ta kuma goge na asalin don kada wuri ya cika. Ban shawarci kowa ba.

Bayan damina wata tsohuwa ta zo mini daga Manga a kan babur. Ta ce ɗakinta ya yi yoyo, ruwa ya cinye hoton ɗanta soja, hoton nan kaɗai gare ta. Jikarta ta taɓa ɗaukarsa da waya ta ɗora a shafina, wayar kuma an sace ta a kasuwa. So take in wanke mata babba, za a yi masa addu'ar tunawa a coci. Na ce ta ba ni lokaci.

Na bincike sabar ciki da waje, babu sai ɗan ƙaramin. Da na faɗaɗa shi, fuskar ta dagule, kamar an shafa mata laka. Na bi abokan aikin sojan har Wasagu, ba wanda ya ajiye hotonsa.

Ana gobe addu'ar na wanke dagulallen hoton a takarda, na je Manga na faɗa mata gaskiya. Ta daɗe tana duban takardar, sannan ta ce, "Ɗana, kunnuwan nasa ne, na gane su. Idanun fa, ina ka kai su?" Washegari haka ta rungume hoton ta shiga coci.

'Yan'uwana masu wannan sana'a, ku rage girman hoto in ya kama, amma ku adana na asali a wani wuri dabam. Ba ku san wanda ya rage wa wata uwa shi kaɗai a duniya ba.